Tamron 17-28 ko Sigma 16-28? Amsa ga mai ɗaukar biki a Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare, ga amsarka, sai dai ka yi haƙuri da tsawonta. Ga waɗanda ba su gani ba, abin da ya ce shi ne yana riƙe da kyamarar Sony a7 III da lensin Tamron 28-75, yana ɗaukar biki da suna a Tudun Wada da cikin birnin Zariya, kwanan nan kuma masu gidajen haya a Samaru sun fara kiransa ya ɗaukar musu ɗakunan da suke ba ɗalibai. Kullum sai bayansa ya manne da bango, ɗakin bai gama shiga hoto ba. Ya tara ɗan abin da ya tara, an nuna masa Tamron 17-28mm f/2.8 da Sigma 16-28mm f/2.8, wani kuma ya zuga shi ya ƙara haƙuri ya sayi Sigma 14-24mm f/2.8 a wuce wurin. To wanne zai ɗauka?

Tamron ɗin shi ne a jakata shekara uku ke nan. Sigma 16-28 na abokin aikina ne, muna musanye idan aiki ya haɗa mu. Na 14-24 kuwa sau biyu na are shi, kuma duka biyun na mayar da shi da murna, zan faɗi dalili.

Mu fara da milimita ɗayar nan da ke tsakanin 16 da 17, don ita ce mutane ke rainawa. A lensi mai jawo nesa, milimita ɗaya ba komai ba ce. A mai faɗin gani kuwa tana da nauyi. Lissafin ba shi da wuya: faɗin sensar kyamararka milimita 36 ne, ka ninka shi da tazarar da ke tsakaninka da bango, ka raba da lambar lensi. A ce kana ɗaki, tsakaninka da bangon da kake kallo mita uku. A 28mm, inda lensinka na yanzu ya tsaya, abin da zai shiga hoto bai cika mita huɗu ba. A 17mm za ka sami mita shida da santimita 35. A 16mm mita shida da santimita 75. A 14mm kusan mita bakwai da santimita 70. Wato tsakanin Tamron da ƙaramin Sigma akwai santimita 40, faɗin kafaɗar mutum ɗaya ke nan, ko ƙyauren banɗakin da mai gida ya nace sai an gan shi a hoto don a san ɗakin mai bayi a ciki ne. Amma dubi inda babban tsallen yake: daga 28 zuwa 17 ka ƙaru da mita biyu da rabi. Duk wanda ka saya cikin biyun, ciwon da ke damunka ya warke. Saura gardamar ƙarin miya ce.

A takarda Tamron 17-28 da Sigma 16-28 kamar 'yan biyu suke. Tamron ya fito a 2019, nauyinsa giram 420. Sigma ya biyo baya a 2022, giram 450. Dukansu dala 899 aka sa musu ranar da suka fito, kuɗinsu a naira kuwa sai ka tambayi 'yan canji da safe. Dukansu f/2.8 ne (lambar faɗin ƙofar shigar haske) daga farko har ƙarshe, ba sa rage haske idan ka juya zum. Babu mai na'urar hana rawar hannu a cikinsu, amma jikin a7 III yana da tasa, ta wadatar. Kuma dukansu ba sa tsawo idan ana zum, komai a ciki yake motsi, saɓanin 28-75 naka da ke fitowa yana komawa. Wannan na da amfani biyu: ba sai ka sake daidaita gimbal, mariƙin nan mai hana bidiyo rawa, duk juyi ba, kuma lensin ba ya shaƙar iska yana fesarwa kamar zugazugi.

Batun kaifin hoto ba zan ɓata maka lokaci ba. Tsakiya dukansu tas suke tun daga f/2.8, kusurwoyi kan ɗan yi laushi har sai ka matse zuwa f/5.6 ko f/8. Na jera hotunansu a kwamfuta na zuƙo har idona ya yi ruwa, bambancin da na gani ba wanda amarya za ta gani ba ne bayan WhatsApp ya gama matse hoton.

Inda suka rabu shi ne bakin filta, kuma a nan ne aljihunka zai yi magana. Bakin Tamron 17-28 milimita 67 ne, daidai da 28-75 da ke hannunka, daidai da 70-180 nasu idan Allah ya hore maka nan gaba. Murfi ɗaya, filta ɗaya. Bakin Sigma 72 ne. Ga mai hoto zalla wannan ƙaramin abu ne. Amma ka ce kana haɗawa da bidiyo, kuma mai bidiyo a garin nan shotarsa na kan 1/50 na daƙiƙa. Ka tsaya tsakar gida da azahar a watan Maris, shota 1/50, ka ga yadda farar shadda za ta ƙone ƙurmus idan babu baƙar filtar rage haske a gaba. In kana da mai 67, da Tamron ka gama. Da Sigma sai ka sayi wata, mai kyau kuma ba ta araha. Filtar kashe ƙyalli kuwa kar ka wahalar da kanka da ita a waje: a irin wannan faɗin, sama kan fito rabi shuɗi mai duhu rabi fari, kamar zanen da bai ji rini ba.

Sai ƙura, wadda masu gwajin lensi a Turai ba su san zafinta ba. Tamron ya sa robobin toshe kafa a gaɓoɓin lensin, gilashin gaba kuma yana da shafin da ke sa maiƙo da ruwa su goge da sauƙi. Sigma 16-28 a gindi kawai yake da robar, inda yake haɗuwa da kyamara. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke ɓoye Dutsen Kufena, ni wannan bambancin nake ji a raina. Ba cewa nake Sigma zai lalace ba, na abokina ya ci hunturu biyu lafiya lau. Gaskiya ma ƙurar da ta fi cutar mu ba ta jikin lensi take shiga ba, wajen canji take shiga. Kyamara marar madubi da ka cire lensi sensa a buɗe take, a7 III kuma ba ta rufe labulen shota idan an kashe ta yadda a7 IV ke iya yi. Mai faɗin gani shi ne ɗan tonon asiri: ka matse shi zuwa f/11 ka ɗauki sama, duk ɗigon da ke kan sensa sai ya fito a jere. Ka riƙa canji cikin mota ko cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, robar hura iska kuma kar ta bar jakarka. Da damina abin tsoron ya koma fumfuna, kar ka kulle lensi a jaka mai danshi cikin Agusta.

Sigma ma yana da nasa. Yana da maɓalli a jiki na komawa saita fokas da hannu, Tamron kuwa sumul yake, sai ka shiga cikin kyamara. Da daddare, ko wajen bidiyo inda mutane ke giftawa, maɓallin nan na ceton rai. Shi kuma Tamron ya fi kusantar abu: santimita 19 daga sensa a 17mm, Sigma santimita 25. Da wannan nake ɗaukar hannun amarya ranar lalle, zanen ya cika gaban hoto, ƙawaye na baya sun ɗan dushe. Wajen lanƙwasa layi, Sigma ya fi kumbura bango a 16mm idan ba a gyara ba. Kyamara na gyarawa da kanta in ka kunna mata, manhajar gyaran hoto ta Lightroom ma haka, sai dai gyaran kan ɗan ci gefen hoto. In ka manta, ginshiƙin gidan mutane zai fito da tumbi.

Yanzu babban. Sigma 14-24 na 2019 lensi ne na gaske, ban raina shi ba. Kaifinsa har kusurwa ya fi na waɗancan biyun. Amma giram 795 ne, kusan Tamron biyu, dala 1,399 aka sa masa, kuma gilashin gabansa a turo yake kamar idon kwaɗo, ba wurin ɗaura filta ta gaba, sai wata 'yar takarda da ake sakawa ta baya. Ka hango kanka a wajen kamu, yara na miƙo hannu da maiƙon cincin, ana fesa turare, kai kuma gilashinka tsirara. Sannan a 24mm ya tsaya, akwai rami tsakaninsa da 28-75.

Inda na ga ranarsa shi ne tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. Ginin ƙasar yana nan cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Na nemi izini aka bar ni bayan an watse. Wurin duhu ne, ginshiƙan kauri gare su, ba inda za ka ja da baya, kuma abin kallon a sama yake, inda bakan gizo ke tashi daga ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa ƙarƙashin rufin azara. A 17mm sai na zaɓi ko gindin ginshiƙi ko tsakiyar rufi. A 14mm duka suka shigo, mutum ya ga yadda nauyin ke saukowa ƙasa. In aikinka irin wannan ne, ko ɗaukar taurari a bayan Kufena, saye shi ba asara ba ce. Amma sau nawa a shekara? Wanda ya zuga ka ba shi zai rataya shi a wuya daga walima har kai amarya ba.

Akwai kuma abin da faɗi ke yi wa mutane, wanda ba a gaya maka a shago. Duk abin da ya faɗa gefen hoto sai ya miƙe. Ba aibin wani kamfani ba ne, haka lissafin yake: a can bakin gefe, 16mm na ƙara wa mutum kusan rabin faɗinsa, 14mm ya fi haka, 28mm kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Satin farko da na sayi nawa, na je wani wuni a Tudun Wada, falo ya cika, na buɗe 17mm ina jin daɗi kowa ya shiga. Gwaggon ango ce a ƙarshen layi. Da aka kai hotuna ta aiko a tambaye ni me ta yi mini. Har yau in mun haɗu a sabga sai ta ce, “Ɗan nan, yau ma za ka hura ni?” Tun daga nan hoton jama'a a 24 zuwa 28 nake yinsa, in dole ta sa na buɗe, sai in tura mutane tsakiya in bar wa labule da kujeru gefe. Shi ya sa ƙarshen 28 ɗin nan da ƙananan biyun ke da shi ya fi maka amfani a biki fiye da farkon 14.

Gini ma haka. Ka ɗaga bakin kyamara sama a Ƙofar Fada, sai ginin ya kwanta baya kamar zai faɗi. Riƙe ta daidai ƙirji, kunna ma'aunin daidaito na allo, ka yanke ƙasan da ya yi yawa daga baya. A ɗakunan Samaru ka tsaya a kusurwa ko bakin ƙofa, f/8, kyamara kan mai ƙafa uku. Kuma don Allah kar ka mayar da ɗakin tabarma biyu ya zama fili, ɗalibin da ya biya kuɗi daga Legas zai zo ya gani da idonsa. Hawan Daushe kuwa bar mai faɗi a jaka, dawakai za su koma kamar tururuwa, in ka matsa don su cika hoto kuma dogarai sun ishe ka.

Hukuncina gare ka, ƙanena: ɗauki Tamron 17-28. Kana da ɗan'uwansa, filtarku ɗaya, launin hotonsu na tafiya tare, ya fi jure ƙurarmu, kuma da yake ya daɗe a kasuwa na hannu ya fi samuwa. In ka ga nan gaba ɗakuna da gidaje sun fi biki kawo maka kuɗi, ko kuma ba ka da filta ko ɗaya tukuna, Sigma 16-28 ya cancanta, santimita 40 ɗin nan kullum za ka ci moriyarta. Tamron sun fitar da 16-30mm f/2.8 a 2025, shi ma bakinsa 67, ya haɗa abin da ake gardama a kai, sai dai kuɗin sabo ne.

Masu kyamarar Sony a6400 da ire-irenta da ke karatu, wannan duk ba naku ba ne. Sensarku ƙarama ce, ana ninka lamba da 1.5, 17mm zai koma muku kamar 25. Ku dubi Tamron 11-20mm ko Sigma 10-18mm, dukansu f/2.8.

In na hannu za ka saya, ko daga Kano ko daga Legas aka aiko, kar ka biya sai ka ɗaura shi a kyamararka. Haska tocilan waya ta baya ka duba zaren fumfuna. Sannan ka sami dogon bangon bulo, ka tsaya saitinsa sosai, ka ɗauka a f/2.8 a 17 da kuma 28, ka zuƙo kusurwoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya. Laushinsu ya zama iri ɗaya. In ɗaya ta fi sauran dushewa, lensin ya taɓa faɗuwa ko gilashinsa ya goce, mayar masa da kayansa ko da ya rage maka rabin kuɗi. In kana so, zo da shi shago a Sabon Gari ranar Asabar bayan la'asar, mu jera shi da nawa.