Hayar jirgi da ma'aikatansa ko hayar jirgi zalla

Kamfanin jiragen sama da jiragensa suka yi masa kaɗan yana da hanya biyu ta haya.

Ta farko, ya ɗauko jirgi tare da matuƙa da ma'aikatan ciki, gyara da inshora kuma suna wuyan mai jirgin, wanda ke tashi da lasisinsa. Mai haya nasa sayar da tikiti, sayen mai da biyan kuɗin filin jirgi. Ana lissafi da awa, tun daga motsawar jirgi daga mazauninsa har ya tsaya a inda za shi. Tarkon yana cikin yarjejeniya: akwai mafi ƙarancin awoyi na kowane wata, ko jirgin ya yini a ƙasa sai an biya su. Ƙaramin jirgi irin ATR 72, mai kujeru kusan 70, da aka ɗauko don lokacin cunkoso, yakan zama nauyi idan fasinja suka janye.

Ta biyu, hayar zalla, wato jirgi ba ma'aikata, ta shekaru ce, sau da yawa 6 zuwa 12. Kuɗin wata ya fi sauƙi, amma sai kamfani ya shigar da jirgin cikin lasisinsa, ya horar da matuƙa, ya riƙa ajiye kuɗin babban gyaran inji. Ranar mayarwa ake jin jiki: takardar gyara ɗaya ta ɓace, mai jirgin na iya ƙin karɓa, haya tana ci gaba da hawa.

Idan giɓin na wata uku ne dai, ta farko ta fi.