Sabon gidan kallon ƙwallo mai sola: hoto tangaran, amma kuɗin shiga na korar masu musu

Tun farkon kakar Firimiya ta 2025/26 nake leƙa sabon gidan kallon da aka buɗe a unguwarmu ta nan Kano, kuma abokai na ta tambayata ko ya cancanci kuɗin da ake karɓa. Amsata ita ce ya danganta da abin da ya kai ka. In hoto kake nema da wutar da ba ta ɗaukewa, babu kamarsa a duk yankin. In kuwa hayaniya da gardama kake so, irin wadda ke sa mutum ya bar talabijin a gida ya fito, to akwai magana.

Wajen wuta ba ni da ta cewa. Sola suka ɗora da batura, don haka babu ƙugin janareta, babu hayaƙin da ke biyo mutum gida a jikin riga, babu kuma zancen a dakata a ƙara mai ana tsaka da bugun fenariti. Majigi ne babba a tsakiya, ga talabijin biyu a gefe, kujerun roba a gaba, bencina a baya. Fankoki na aiki, duk da cewa rufin kwano ne kuma wasan ƙarfe uku na rana sai ka jiƙe. A waje sun ajiye butoci da tabarmi, abin da gidajen kallo da yawa ba su damu da shi ba.

Matsala ɗaya da ta dame ni ita ce talabijin ɗin gefe ta intanet suke kamawa, majigin kuma ta tauraron ɗan'adam. Sai a ci ƙwallo, na tsakiya su miƙe da ihu, kai da ke gefe kana kallon ɗan baya yana jan ƙwallo a gidansu. Duk wanda ya makara ya faɗa gefe, kallon abin da ya riga ya wuce ya biya.

Sai kuɗin shiga. Wasan yau da kullum naira 500 ne, babban wasa 1,000, kujerar gaba kuma da ƙarin wani abu. Tsohon gidan kallonmu na bayan kasuwa 300 yake karɓa, shi ma bayan cire tallafin mai a 2023 ya kai haka. Ba na cewa mai wurin ba shi da hujja; batura ba sadaka ake ba da su ba, kuɗin tashoshi kuma kullum gaba yake yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ba a rubuta farashi a allo. Sai ka iso bakin ƙofa yaron da ke karɓar kuɗi ya ce maka "yau dubu ne, Yaya", kuma shi ke yanke wane wasa ne babba.

Ranar da na fi ganin tasirin wannan ita ce 21 ga Satumba, 2025, da Manchester City ta je gidan Arsenal. Ni ɗan Arsenal ne, kada wani ya ce na ɓoye. Minti tara da take wasa ɗan gaban City Erling Haaland ya ƙwace ƙwallo ya ba abokin wasansa Reijnders, ya sheƙa a guje, aka mayar masa ya zura. Wani tela da ke kusa da ni, dattijo mai jar riga tun ta zamanin Henry, tsohon gwanin Arsenal, ya dafe kai ya ce wannan ba ɗan ƙwallo ba ne, maroƙi ne, sai an ba shi yake ci. Wani matashi ɗan adaidaita ya juyo ya ce, "Baba, to ku ma ku samo maroƙin da zai ci 36 a kaka ɗaya mana." Wurin ya kwashe da dariya, har da ƴan Manchester United da ba su da uwa a gindin murhu amma suka zo don su ga mun sha kashi.

Yaron gaskiya ya faɗa. Haaland ya zo City daga Dortmund a 2022, kuma a kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 36 a Firimiya, abin da babu wanda ya taɓa yi, 52 kuma a dukkan gasa, suka haɗa kofi uku a shekarar. Amma Baba tela ma ba shi kaɗai ke wannan ra'ayi ba. Roy Keane, tsohon kyaftin ɗin United, ya taɓa kwatanta yadda Haaland ke taka leda a wajen raga da na ɗan wasan ƙaramin rukuni, bayan canjaras ɗin da City ta yi da Arsenal babu ci a 2024. Akwai ranakun da ƴan bayanmu Saliba da Gabriel ke sa shi a aljihu, ka manta yana fili. Sai dai ni a wurina wannan musu ya daɗe da mutuwa. Ɗan gaba mai lamba tara aikinsa ci, kuma mutumin da zai taɓa ƙwallo sau kaɗan ya tashi da ɗaya ko biyu ya fi ban tsoro a kan mai yanka huɗu ya buga sama. Mu da muka shekara muna kukan rashin ɗan gaba har aka sayo Gyökeres daga Sporting, bai kamata mu riƙa raina mai ci ba.

Abin da ke ƙona mana rai da Haaland ba ƙwallonsa ba ne, halinsa ne. A Satumbar 2024, da City ta farke aka tashi 2-2 da mu a filinta na Etihad, shi ne ya jefi ƙeyar Gabriel da ƙwallo, ya kuma ce wa kocinmu Arteta ya rage ɗagawa. Shi ya sa da muka lallasa su 5-1 a Fabrairun 2025, ɗan wasanmu Lewis-Skelly ya zauna ya tanƙwashe ƙafa irin murnar Haaland, tsohon gidan kallonmu sai da benci ya karye. Duk wannan an tono shi a hutun rabin lokaci, ana nuna juna da yatsa, mai sayar da ruwan leda na ratsawa ta tsakiya.

To amma da na waiga, bencinan baya rabi babu kowa. Yaran da na sani, masu wankin mota da ƴan ga-ruwa da ɗalibai, waɗanda ke haddace da lambar kowane ɗan wasa kuma su ne ke kunna wutar gardama, suna waje sun jeru jikin taga suna leƙe. Dubu ɗaya ta fi ƙarfinsu. Da Martinelli na Arsenal ya ɗaga wa golan City Donnarumma ƙwallo ta sama ya farke a ƙarin lokaci, daidai ana shirin kiran magariba, ihun da ya fito daga waje ya ninka na ciki.

A nan ne wani malamin makaranta ya kawo zancen Ingila, ya ce can ma rigimar kuɗin shiga ake yi, kuma haka ne. A Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool sun fice daga filinsu na Anfield a minti na 77 ana wasa da Sunderland, saboda an shirya kai wani tikiti fam 77, kuma cikin ƴan kwanaki masu ƙungiyar suka janye har da ba da haƙuri. A shekarar ne a Firimiya aka ƙayyade tikitin baƙi masu bin ƙungiyarsu waje a kan fam 30. A ƙarshen 2024 kuma United ta mayar da ragowar tikitinta fam 66, babu ragi ga yaro ko tsoho, kuɗin da in ka canza shi ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Najeriya. Kukan magoya bayan can shi ne ana korar masu waƙa a cika fili da ƴan yawon buɗe ido masu ɗaukar hoto. Ɗan adaidaita ya ce albashin Haaland ai ba daga sama yake faɗowa ba, kuma an ɗaure shi har 2034, dole wani ya biya. Baba tela ya ce, "To ni dubuna ɗaya aljihun Haaland za ta, ko na Alhaji mai wurin nan?" Ba wanda ya ba shi amsa.

Hukuncina: wasan Zakarun Turai na dare, ko ranar da ake ruwa da iska, nan zan zo, don na tabbata wuta ba za ta yanke ba, kuma mutum zai iya zuwa da ɗansa tunda ba a shan taba a ciki. Wasan Asabar na yau da kullum kuwa gara tsohon wurinmu da janaretansa mai tari. Wanda zai zo, ya zo da wuri ya kama tsakiya, ya kuma lura ƙofa ɗaya ce tal, fita bayan babban wasa sai an yi turereniya.

Na ba su shawara su bar kujerun gaba a yadda suke so, su mayar da bencinan baya 300 ko da babban wasa ne, su kuma rubuta farashi a allo tun ranar Juma'a. Yaron ƙofa ya ce zai faɗa wa Alhaji. Zuwana na baya-bayan nan, jadawalin wasanni ne kawai a jikin allon.