MP3 ko M4A: wanne ya dace da rediyon Baba mai katin memori?

Malam, ka bayyana mana a wannan zaure cewa ka tara karatun tafsirin azumi da aka riƙa turo maka ta WhatsApp, ka zuba shi a katin memori domin mahaifinka ya riƙa saurare a Tibiri, amma rediyonsa ya ƙi ganin ko fayil ɗaya, alhali a wayarka komai yana tashi lafiya lau. Ka ce wani ya ba ka shawarar juya su zuwa MP3, wani kuma ya ce M4A ya fi inganci, kana son sanin wanda za ka bi. Amsata ita ce MP3, ko da yake wanda ya yabi M4A ma yana da gaskiyarsa.

Da farko, katin bai lalace ba, rediyon ma lafiyarsa ƙalau. Saƙon murya da ake naɗa a cikin WhatsApp yana fita ne a tsarin Opus, wanda aka amince da shi a shekarar 2012, kuma an ƙera shi ne domin ya ɗauki magana ta intanet da ƙaramin nauyi. Wayar zamani ta san shi. Ƙananan rediyoyin da ake sayarwa a babbar kasuwar Maradi kuwa, da na'urorin sauti na motocin haya masu zuwa Madarumfa da Dan Isa, galibinsu MP3 aka koya musu, wasu kuma har da WAV ko WMA. Fayil ɗin da ba su sani ba sukan tsallake shi kamar babu shi a katin.

Tsakanin MP3 da M4A da Opus, MP3 shi ne dattijo. Cibiyar Fraunhofer ta Jamus ce ta jagoranci aikinsa, aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, kuma haƙƙin mallakar fasaharsa ya ƙare a 2017. Tsufan nan nasa shi ne ƙarfinsa, domin da wuya ka sami na'urar da ke karanta kati ko filas wadda ba ta buɗe shi. M4A kuwa suna ne na mazubi, abin da ke cikinsa yawanci AAC ne, tsarin da ya fito a 1997 domin ya gaji MP3, wanda kamfanin Apple ya rungume shi a na'urorinsa. Idan aka matse sauti ɗaya da nauyi ɗaya a tsarin biyu, AAC ya kan fi tsabta, musamman idan an matse sosai. Saboda haka da a ce tambayarka ta shafi ajiye waƙa ko karatu a waya ce, da ban hana ka M4A ba. Amma ingancin da rediyon Baba ba zai iya buɗewa ba ba shi da amfani gare shi, kuma bambancin da ke tsakaninsu ƙaramar lasifika irin ta rediyon hannu ba ta ma iya fitar da shi.

Akwai kuskure biyu da nake yawan gani, kuma su ne suka fi damuna a wannan batu. Na farko shi ne mutum ya shiga sunan fayil ya goge haruffan ƙarshe, ya rubuta mp3 a wurin opus, ya ɗauka ya juya shi. Wannan daidai yake da a rubuta “gero” a jikin buhun wake: abin da ke ciki bai canza ba. Waya za ta iya ci gaba da buɗe shi domin ta kan duba cikin fayil ɗin, sai mutum ya zaci aiki ya yi, sai an kai katin ƙauye a tarar rediyo ya yi shiru. Juyawa ta gaskiya ita ce manhaja ta warware sautin daga tsohon tsarin, ta sake matse shi a sabon.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Opus da AAC da MP3 duka suna rage nauyi ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin wanda kunne bai cika lura da shi ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Duk lokacin da aka juya daga ɗaya zuwa wani, an sake zubar da wani abu. Idan ka juya Opus zuwa M4A, daga baya ka juya wannan M4A ɗin zuwa MP3, muryar malami za ta fara shaƙewa, harufa irin su s da sh su riƙa fita da ƙaiƙayi, abin da ke da muhimmanci ga mai sauraren karatun Alƙur'ani. Don haka ka adana fayilolin asali a wuri guda, duk juyin da za ka yi ya taso daga gare su, sau ɗaya tak. Haka kuma zaɓen ma'aunin nauyin sauti mai yawa a wajen juyawa, kamar kilobit 320 a kowane sakan, ba zai gyara muryar da aka riga aka matse ba, sai dai ya cika maka kati a banza.

Idan sautin magana ce zalla, kilobit 64 a kowane sakan a hanya ɗaya, wato ba sitiriyo ba, ya wadatar. Awa ɗaya a wannan ma'aunin tana cin kusan megabait 29, a kilobit 128 kuma kusan 58. Ke nan zama talatin na awa ɗaɗɗaya ba zai kai gigabait ɗaya ba a ma'aunin farko. WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, ba ya zubar da komai, amma a ingancin faifan CD minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, awa ɗaya fiye da 600. Shi da FLAC, wani tsarin da shi ma ba ya zubar da komai, na masu naɗa sauti ne a situdiyo da gidajen rediyo, waɗanda ke son ajiye asalin aiki. Juya saƙon WhatsApp zuwa gare su ƙarin nauyi ne kawai.

Dangane da kayan aiki, idan kana da kwamfuta ko za ka iya zuwa wurin masu turin waƙa, VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, kyauta ne kuma yana da sashen juyawa wanda ke karɓar fayiloli da yawa a tashi ɗaya. VLC na wayar Android yana kunna kusan kowane tsari, amma ba ya juyawa, sai an nemi wata manhaja ta daban. Shafukan intanet masu juyawa suna aiki, sai dai dole ka ɗora fayil ɗin sannan ka sauke shi, wato cin data sau biyu, kuma ba na son a ɗora musu saƙonnin murya na iyali.

Kafin ka juya duka, ka juya zama ɗaya ka gwada a irin rediyon. Katin ya kasance a FAT32, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ake shirya kati da su domin ajiye fayiloli, wanda shi ne ƙananan na'urori suka fi ganewa, kuma ka sa wa fayilolin lamba a farkon suna, 01, 02, har zuwa 30, ka kwafe su bi da bi, domin wasu rediyoyin suna bin jerin da aka zuba ne, kuma Baba zai so karatun ya zo masa daga Baƙara zuwa gaba ba tare da tsallake ba.