Zubawa kai tsaye ko rabawa tukuna? Kan maiƙon ƙwaƙwalwar ɓera

Malama, tambayarki ita ce: maiƙon tantanin ƙwayoyin halitta da kika tatso daga ƙwaƙwalwar ɓeraye, ki zuba shi kai tsaye cikin na'urar auna nauyin sinadarai, ko ki raba shi tukuna da kiromatogirafi, wato dabarar bi da shi cikin ruwa ta wani bututu don sinadaransa su fito bi da bi?

Zubawa kai tsaye ita ce hanyar da Xianlin Han da Richard Gross suka gwada a Jami'ar Washington da ke St. Louis a 1994, a kan jajayen ƙwayoyin jini. Tana da sauri, 'yan mintuna kin gama da samfuri. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ruwan ba ya canzawa yayin awo, don haka ma'aunin da kika saka (maiƙon da kika san yawansa, don kwatanci) da maiƙon da kike nema duk yanayi ɗaya suke samu, lissafin yawa sai ya zo da sauƙi.

Matsalarta cunkoso. Fosfatidilkolin, wato PC, wani dangin maiƙo ne, yana da yawa a tantani, kuma yakan danne ƙananan maiƙo har su ɓace. Ga kuma masu nauyi kusan ɗaya: cikin nau'o'in PC, PC 34:1 mai ɗauke da sodiyam yana fitowa a nauyi 782.567, PC 36:4 mai ɗauke da furoton a 782.569. In na'urarki ba mai kaifi ba ce sosai, abu ɗaya za ki gani, alhali biyu ne. A nan mutane da yawa suke yin kuskure ba tare da sun sani ba.

Kiromatogirafi tana rage cunkoson, kowa ya fito a lokacinsa, ƙananan su samu sarari. Amma tana cin lokaci, kuma tunda gaurayen ruwan yana canzawa a hanya, ma'auni ɗaya ba lallai ya wakilci duk danginsa ba, sai dai a HILIC, nau'in kiromatogirafin da a cikinsa dangi ɗaya suke fitowa tare.

Da ni ce, a ƙwaƙwalwa kiromatogirafi zan ɗauka, sai fa in samfuranki ɗaruruwa ne kuma manyan dangi kawai kike nema.

Ki kula da tatsowar ma. In kin bi hanyar Folch ta 1957, kulorofom biyu metanol ɗaya, dangin maiƙon da ake kira gangiliyosayid sama suke hawa, cikin ruwan da aka saba zubarwa, ga shi ƙwaƙwalwa cike take da su. Kada ki zubar. Ma'auninki kuma ki saka shi tun kafin ki fara tatsowa.