Sunan Arjun a ƙamusun Jami'ar Kolon da rajistar jarirai ta Amurka: sharhi kan hidimomi biyu na kyauta

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Indiya, tun zamanin gidajen silima har zuwa wannan zamani na fassarar Hausa, ya saba da jin sunan Arjun, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya bincika abin da sunan yake nufi ko yawan masu amsa shi ba. Akwai hidimomi biyu na kyauta a intanet da suke amsa waɗannan tambayoyi da hujja: ƙamusun Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Jami'ar Kolon ta ƙasar Jamus take kula da shi, da kuma rajistar sunayen jarirai ta hukumar SSA, wadda take kula da fansho da inshorar tsufa a Amurka. Na auna su duka biyun da wannan suna guda. A ganina ƙamusun ya cika alƙawarinsa ga mai haƙuri, ita kuwa rajistar alƙalumanta sahihai ne, sai dai tambayar da take amsawa ta fi wadda mai nema yake zuwa da ita ƙanƙanta.

Jigon hidimar Kolon shi ne ƙamusun Monier-Williams, farfesan Sanskirit a Jami'ar Oxford, wanda aka fara bugawa a 1872, aka kuma sake fitar da shi da gyara da ƙari a 1899. Abu na farko da mai nema zai koya shi ne cewa dole ya rubuta "arjuna", domin haka kalmar take a Sanskirit. Harshen Hindi ne ya shafe wasalin ƙarshe a furuci, kamar yadda ya mayar da Rama ya zama Ram. Da zarar an rubuta daidai, bayanin da yake fitowa ya fi na jerin sunayen da 'yan kasuwa suke bazawa nesa ba kusa ba. Asalin kalmar siffa ce mai nufin fari ko garau, kuma ƙamusun ya bi sawun wuraren da aka yi amfani da ita: hasken rana, ketowar alfijir, walƙiya, madara da azurfa. Daga nan ya gangara zuwa ma'anonin da suka biyo baya, har da ɗawisu, da wata bishiya mai farin ɓawo wadda masu maganin gargajiya na Ayurveda suke amfani da ita wajen ciwon zuciya, sannan sunan Indra, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, sannan na uku daga cikin 'yan'uwa biyar na gidan Pandu, wato jarumin littafin Mahabharata.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan haruffan da suke bin kowace ma'ana, waɗanda mai gaggawa zai tsallake. RV na nufin an samu kalmar a Rigveda, mafi tsufan littattafan Hindu, MBh na nufin Mahabharata, doguwar waƙar yaƙi ta Hindu, harafin L kuwa gargaɗi ne cewa tsofaffin masu ƙamus na Indiya ne kawai suka lissafa ma'anar, ba a ci karo da ita a cikin adabi ba. Ɗawisu yana ɗauke da wannan L ɗin. Saboda haka idan wani ya ce maka ma'anar Arjun ita ce ɗawisu, bai yi ƙarya ba, amma ya ɗauki ma'ana mafi rauni ya bar mafi ƙarfi, kuma wannan bambanci ne da mai karatu ba zai gane ba sai a irin wannan ƙamus. Masana harsuna sun tabbatar da cewa kalmar 'yar'uwa ce ga "argentum" ta Latin, wato azurfa, wadda daga gare ta ƙasar Ajantina ta samo sunanta.

Ƙamusun yana da nasa wahalhalu. Bayaninsa da Turancin ƙarni na 19 yake, a cushe, cike da gajerun alamomi da ba a warware su a wurin ba. Sannan akwai batun yadda ake shigar da kalma, domin Sanskirit yana da sautukan da haruffan boko ba su wadatar da su ba, don haka sai mai nema ya zaɓi ɗaya daga cikin tsare-tsaren rubutu da aka tanada. Arjuna ya zo da sauƙi tunda ba shi da dogon wasali ko baƙon harafi, amma wanda yake neman Krishna a tsarin Harvard-Kyoto sai ya rubuta kRSNa, da manya da ƙananan baƙaƙe a gauraye, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana shi samun komai.

Babban giɓin shi ne cewa ƙamus ba ya faɗin dalilin da ya sa iyaye suke zaɓen suna. Layi ɗaya tal ya ba jarumin Mahabharata, alhali shi ne ya ɗauki nauyin sunan gaba ɗaya. Mabiya addinin Hindu sun san Arjuna a matsayin gwanin harbi da baka, ɗan Kunti, wanda ya tsaya a filin daga na Kurukshetra ya ga dangi da malamansa a sahun abokan gaba, hannunsa ya yi sanyi, har Krishna mai tuƙa masa keken yaƙi ya yi masa nasihar da ta zama littafin Bhagavad Gita mai baiti 700. Wannan jarumtaka ce ta sa gwamnatin Indiya ta raɗa wa lambar yabonta ta wasanni suna Arjuna tun 1961, ta kuma sa wa tankar yaƙin da ta ƙera da kanta suna Arjun. Sunan ma ya daɗe da ƙetare iyakar addinin Hindu: jagora na biyar na mabiya addinin Sikh, wanda ya rayu daga 1563 zuwa 1606, sunansa Guru Arjan, kyaftin ɗin da ya kai Sri Lanka ga lashe kofin duniya na kurket a 1996 shi ne Arjuna Ranatunga, a tsibirin Java na Indunisiya kuma akwai dutse mai aman wuta da ake kira Arjuno.

Rajistar SSA ta fi sauƙin amfani ƙwarai. Ana rubuta suna, a zaɓi namiji ko mace da adadin shekarun da ake so, sai matsayinsa na kowace shekara ya fito a jere. Alƙaluman sun faro daga 1880, an tattara su ne daga takardun neman katin hukumar, ana kuma fitar da na sabuwar shekara a watan Mayu. Arjun yana cikin sunayen maza dubu na farko a shekarun nan, a wajajen tsakiyar jerin, bai kuma taɓa shiga ɗarin farko ba. Hawansa ya bi tarihin hijira ne, domin dokar shige da fice ta 1965 ce ta buɗe wa Indiyawa ƙofar Amurka sosai, kuma ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 4.

Hukumar ta yi gaskiya wajen bayyana iyakokinta, abin da ya cancanci yabo. Tana lissafa kowane salon rubutu a matsayin suna dabam, don haka Arjun da Arjuna da Arjan ba sa haɗuwa a lissafi ɗaya, kuma wannan yana rage wa sunayen da aka ɗauko daga wani rubutu zuwa boko matsayi fiye da yadda yake rage wa sunayen Turawa. Sunan da bai kai jarirai biyar a shekara ba ana cire shi daga cikakkun fayiloli don kare sirrin mutane, sannan alƙaluman kafin 1937 ba cikakku ba ne, tunda da yawa daga waɗanda aka haifa a lokacin ba su taɓa neman katin ba. Rajistar ba ta san asalin suna ko addinin iyaye ba, saboda haka mai bincike ne zai kula kada ya haɗa Arjun da Arjen na ƙasar Holand, irin na ɗan ƙwallo Arjen Robben, wanda tushensa Adrian ne, ba shi da alaƙa da Sanskirit.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar matsayin Amurka a matsayin ma'aunin farin jinin sunan gaba ɗaya. Abin da rajistar take aunawa shi ne zaɓin iyalan da suka yi hijira, waɗanda sau da yawa suke neman gajeren sunan da malamin makaranta Ba'amurke zai iya furtawa, kuma Arjun ya dace da wannan buƙata. Ita Indiya, inda mafi yawan masu sunan suke, gwamnatinta ba ta fitar da irin wannan jeri na shekara-shekara, kuma jerin da ake yaɗawa da sunan ƙasar galibi daga masu rajista da kamfanonin kula da renon yara suke fitowa, mutanen birni masu jin Turanci.

Akwai kuma wani abu da yake juya alƙaluman wanda babu ɗaya daga cikin hidimomin biyu da ya taɓo shi. A bikin raɗin suna da ake kira namakarana, wanda galibi ake yi a rana ta 11 ko ta 12 bayan haihuwa, iyalai da yawa suna barin manzilin da wata yake ciki a lokacin haihuwa ya yanke gaɓar farko ta sunan. Manzilolin 27 ne, kowanne da gaɓoɓi huɗu, kuma sautin "a" da Arjun ya fara da shi yana ƙarƙashin Krittika, taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta. Yaron da aka haifa a wani manzilin dabam yana iya rasa sunan ko da iyayensa suna sonsa, ko kuma a ba shi sunan da ya dace da tauraro don ibada, a ajiye Arjun don takardar haihuwa da makaranta.