GitHub da abokan aikin da suka yi shiru: abin da na gani a shekara uku

Mu bakwai muka fara aikin a 2021, a wani ɗakin haya kusa da Dandima a Sakkwato. Ƙaramar manhaja ce mai juya rubutun boko zuwa ajami, lambobinta (wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi) a buɗe, duk mai so ya ɗauka ya gyara. Muka ɗora ta a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye lambobinsu su yi aiki tare, don can jama'a suke, kuma ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa ba a biyan ko sisi. Yau mu uku kaɗai ke taɓa ta. Sauran huɗun ba faɗa ya raba mu ba. Ɗaya ya tafi bautar ƙasa, ɗaya ya yi aure ya koma shagon mahaifinsa a babbar kasuwa, ɗaya kwamfutarsa ta mutu cikin zafin Afrilu bai sake samun wata ba. Na huɗun har yau ban san abin da ya ɗauke shi ba. Sai dai kowannensu makullin ma'ajiyar na aljihunsa.

Na daɗe ban ɗauki abin da zafi ba, sai da labarin XZ Utils, wata manhajar matse fayiloli, ya fashe a ƙarshen Maris 2024. Wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar, wanda aiki ya yi wa yawa, har ya samu amana, sannan ya dasa ɓoyayyar ƙofar kutse a ciki. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano ta. Tun a 2018 ma an yi makamancin haka da wata manhaja mai suna event-stream: mai ita ya daina amfani da ita, ya miƙa wa wani baƙo, baƙon ya cusa lambar satar kuɗin intanet. Tamu manhajar ba wanda zai yi arziki da ita, amma malaman islamiyya na sauke ta a wayoyinsu, kuma asusun da mai shi ya manta da shi ya fi kowane sauƙin sata.

A nan GitHub ya burge ni. Idan ma'ajiya tana ƙarƙashin ƙungiya, iko hawa biyar ne: mai karantawa kawai, mai tantance ƙorafi, mai rubutu, mai kula, da mai cikakken iko. Ashe ba dole sai ka kori mutum ba, kana iya sauke shi hawa ɗaya ko biyu. Mai shago na mayar da shi mai tantance ƙorafi, yana duba saƙonni daga waya idan kasuwa ta lafa bayan la'asar, ba ya iya canza lamba. Duk aikin da mutum ya yi a baya kuma yana nan da sunansa a tarihin ma'ajiyar ko da an cire shi. Idan ma ka cire shi daga ƙungiyar gaba ɗaya, akwai wata uku da za ka iya dawo da shi da duk ikonsa na da. Tun Maris 2023 suka fara tilasta wa masu saka lamba tantancewa mai hawa biyu, wato ban da kalmar sirri sai ka ƙara wata shaida kafin ka shiga, wannan ma ya rage mini fargaba.

Inda na kwafsa shi ne wajen Stale, wani ƙaramin ma'aikacin na'ura da kake sawa ya sa ido a kan ƙorafe-ƙorafen da suka kwanta. Yadda yake zuwa, idan magana ta yi kwana 60 ba motsi sai ya manna mata alama, idan aka ƙara kwana 7 ba wanda ya tanka sai ya rufe ta. Ni kuma na kunna shi haka nan, ban canza komai ba, har da saƙonsa na Turanci.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, malamin zaure ne, wanda ya fi mu duka sanin ajami. Bai taɓa rubuta layin lamba ko ɗaya ba. Ɗansa ke shigar masa da gyara. Shi ya nuna mana cewa ɗigon imala da muke sawa ƙarƙashin harafi don wasalin e yana zamewa gefe idan harafin na ƙarshen kalma, ya turo hoton allo an rubuta daidai da tawada. Sai ya kwanta rashin lafiya, azumi ya shigo, ni ma na shagala. Kwana 67 na cika maganar ta rufe.

Bayan salla na je gaishe shi. Yana zaune kan buzu, butarsa a gefe, bai ma bari na gama gaisuwa ba.

"Mi na yi muku da kunka rufe min magana?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba mu ba ne, na'ura ce."

Ya ce, "Ita na'urar wa ya aje ta?"

Ban samu ta cewa ba. A daren na buɗe maganar, na ƙara kwanakin zuwa 180, na hana Stale rufe komai da kansa, na rubuta saƙon da Hausa da sallama a farkonsa. Akwai wurin da za ka ce masa kada ya taɓa duk ƙorafin da ke ɗauke da wata alama, na yi wa gyare-gyaren Malam tasu alamar. Abin dariya, shi kansa ma'aikacin yana barci: a ma'ajiyar da ke buɗe, idan aka yi kwana 60 ba wani motsi, GitHub na dakatar da ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu.

Jadawalin masu gudunmawa da GitHub ke nunawa kuwa kada ka yanke hukunci da shi. Lambar da ta shiga babban reshe, wato ainihin kwafin aikin, yake ƙirgawa. Wanda ke duba aikin wasu, ko amsa tambaya, ko Malam da allonsa, duk ba sa fitowa. Da shi na bi, da na sauke wanda ya fi kowa amfani.

Dokar da muke bi yanzu daga Kubernetes, wani babban aikin manhaja mai buɗaɗɗun lambobi, muka aro ta. Su, wanda ya yi wata 12 ba gudunmawa ana cire shi daga ƙungiya, tsofaffin masu amincewa da gyara kuma ana ajiye sunayensu a wani sashe na girmamawa. Mu ma muka buɗe takarda a ma'ajiyar muka sa mata suna Dattawan Aiki. Sai muka ƙara abu ɗaya: ba a sauke kowa sai an kira shi a waya, ko an taka zuwa gidansu. Imel a garin nan ba kowa ke buɗewa ba, kuma shafin duk Turanci ne, balle mutum ya ga an rage masa iko bai ji daga bakin kowa ba.

Ga ƙaramin aiki irin namu, ban ga dalilin barin GitHub ba. Rabon ikonsa na ba shi cikakken maki, Stale kuma sai ka zauna ka saita shi kafin ka sake shi.

Na huɗun nan na kira lambarsa sau biyar a kashe. Na hau kabu-kabu zuwa Mabera, maƙwabta suka ce sun tashi. Na cire shi daga ƙungiyar, na rubuta sunansa a Dattawan Aiki. Saura kwana 19 wata ukun su cika.