Filtar gawayi ta ƙarƙashin sinki: yadda na same ta

Masu tambaya ta kan filtar nan mai katirij ɗin gawayi (wato gwangwanin ciki da ake canjawa), gaskiya tana aiki, amma fa ba kamar yadda mai shagon ya dinga zuzuta ta ba. Warin kulorin ɗin ruwan famfo ya tafi tas, shayi ma ya daina wannan ɗanɗanon na magani, yara sun koma shan ruwan gida an huta da jidar buhun fiya wata.

Gawayin ciki ba irin na gasa masara ba ne, na ɓawon kwakwa ne da aka gasa da tururi mai tsananin zafi har ya yi ƙananan ramuka birjik, giram 1 kacal faɗin cikinsa kan kai murabba'in mita 1000, a nan ne ragowar maganin feshi na gona da su warin fetur ke maƙalewa. Gishiri kuwa da nitiret ɗin takin zamani wucewa suke abinsu, shi ya sa in ka tsoma 'yar na'urar TDS, mai auna yawan gishiri da ma'adanan da suka narke a ruwa, lambar kusan ba ta motsi, kar ka ce an cuce ka.

Inda muka saɓa da mai shagon shi ne da ya ce wai bakteriyar da ke girma a jikin gawayin ita ma tace ruwan take. Eh akwai wannan, tun shekarun 1970 ake yi a Mulhaim ta Jamus, amma a babbar matatar ruwa ne, sai an fara sa wa ruwan iskar ozon ta farfasa dattin, sannan bakteriyar ta cinye, ana wanke gawayin a kai a kai, daga ƙarshe kuma a sake kashe ƙwayoyin cuta kafin ruwan ya shiga bututu. Wa zai yi maka duk wannan a kicin? Ni dai saboda wannan bakteriyar, in muka yi tafiya muka dawo sai na bar famfon ya zuba na ɗan lokaci, ruwan jaririya kuma har gobe tafasa shi ake.

Abin da ya ɓata min rai, an ce katirij zai yi wata 6, namu bai kai ba ruwan ya koma tsiyaya saboda lakar tanki, sai da mai gyaran famfo ya ƙara wata farar filta a gaba mai tare laka. Ku sa kuɗinta a lissafi tun farko, kuma ku tabbatar ana samun katirij ɗin a garinku kafin ku biya.